Ennedi, Dutsen Kamaru, Tubkal ko Kilimanjaro: Wanne Ya Dace da Ƙafar Mutumin Garwa?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi, ya samu hutun mako biyu ko uku, kuma ransa na son doguwar tafiyar ƙafa wadda zai daɗe yana ba da labarinta, sunan da ke fara faɗo masa shi ne dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya. Shi ake ta gani a Facebook da TikTok, mutum ya jibga riguna yana ɗaga tuta a gaban allon ƙololuwa. A ganina mutumin Garwa ko Marwa ko Njamena bai kamata ya fara da neman dutsen da ya fi suna ba. Ya fara duba irin wahalar da jikinsa ya saba da ita da wadda bai taɓa ɗanɗana ba, domin a nan ne ake more tafiya ko a zubar da kuɗin shekara.

Garwa tana kwance ne a kwarin Binuwai, tsayinta daga teku bai wuce mita 250 ba, Njamena kuma wajen mita 300. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Jikin da ya tashi a nan ya san rana, ya san ƙishi, ya san yini a kan ƙafa. Abin da bai sani ba shi ne sanyin da ke daskarar da ruwa a cikin gora, da iskar da za ka ja ka ja amma ƙirji bai cika ba. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Daga mita 2,500 kuma ciwon tsauni ke fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfin mutum. Yakan kayar da ɗan ƙwallo ya bar dattijo. Saboda haka hanyoyin nan iri biyu ne a wurinmu, masu nisa da masu tsayi, kuma masu nisa su ne gadonmu.

Kakanninmu sun tafi Makka da ƙafa. Sun bi ta Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka wuce Abeshe, suka ratsa Darfur har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Wasu shekaru suka yi a hanya, su tsaya su yi noma ko ɗinki, su haɗa guzuri su ƙara gaba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nil a Sudan, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Mutanen nan kafin su ɗaura kaya abu uku suke tambaya: wane ne madugu, ina zango, ina ruwa. Har yau da su ake auna hanya, sai dai zamani ya ƙara mana biyu, wato takarda da kuɗi.

Takarda da kuɗin nan su ne suka sa ba zan daɗe a kan manyan hanyoyin Turai da Amurka ba. Hanyar Santiyago ta Sifaniya, wadda ta taso daga gindin duwatsun Firenis a Faransa, kusan kilomita 780 ce, ana cinye ta a wata guda, akwai masauki da famfo kusan a kowane ƙauye. Asalinta ziyarar Kirista ce zuwa kabarin Yakubu manzon Almasihu, ko da yake yanzu kowa na bi. Zagayen dutsen Mon Bulan kilomita 170 ne, ya ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Dukansu sai da bizar Shengen, kuma duk wanda ya taɓa yin layin neman ta a Yawunde ya san abin da nake nufi. Hanyar Afalashiya ta Amurka kusan kilomita 3,500 ce cikin jihohi 14, tana cin wata biyar zuwa bakwai, wanda ba shi da shago ko iyali a wuyansa ne zai iya. Sansanin gindin Ebares a Nefal yana kan mita 5,364, ga tsadar jirgi ga matsalar tsayi. Ɗanmu da ke karatu ko aiki a Turai, ya bi ta Santiyago ko Mon Bulan, zai ji daɗi. Wanda zai taso daga nan kuwa, zaɓinsa na gaskiya huɗu ne.

Na fara da Ennedi, don ita na fi so kuma ba zan ɓoye ba. Tudu ne na dutsen yashi a arewa maso gabashin Chadi, wanda iska da ruwa suka yi ta sassaƙa har ya zama ginshiƙai da kwazazzabai da manyan ƙofofi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, saboda halittarsa da kuma zane-zanen mutanen da. Ƙofar Aloba kaɗai tsayinta ya kai wajen mita 120. A Gelta ta Arshe, wani tafki da ke maƙale tsakanin bangayen dutse, makiyaya kan kawo raƙuma garke-garke su sha, kukansu na amsawa a kwazazzabon, ruwan ya yi baƙi saboda kashinsu. A cikin ruwan nan akwai 'yan kadoji da suka rage tun zamanin da Sahara take da koguna. A kogunan dutse na Terkei da Manda Geli za ka ga shanu da mahaya dawaki da raƙuma an zana su da jar ƙasa. Bafulatanin da ya tsaya gaban zanen saniyar Terkei zai gane cewa makiyayi ne ya zana ta, mutumin da ya san ƙaho da nono. In lokaci ya ba da dama a ƙara arewa zuwa tafkunan Unianga guda 18, waɗanda su ma UNESCO ta karɓa a 2012.

Yadda ake tafiyar kuwa ayari ne sak. Mota ta kai ku bakin duwatsun, daga nan raƙuma su ɗauki ruwa da abinci da shimfiɗa, ku kuna biye a ƙafa. Ana tashi bayan asuba, a yi ta tafiya har rana ta take, a yada zango a inuwar dutse, a ɗora shayi, bayan la'asar a ƙara kaɗan. Kilomita 15 zuwa 20 a yini ya isa. Ƙololuwar tudun ba ta kai mita 1,500 ba, don haka babu zancen ƙarancin numfashi. Wahalarta rairayi ne da ke cin ƙarfin sha-raɓa, da ƙaya, da kunama in an yi sakaci da takalmi da dare, da sanyin asuba na Disamba da Janairu wanda ya fi hunturun Marwa cizo. Duk waɗannan jikinmu ya san danginsu. Salla ba ta da wata matsala, jagororin Musulmi ne, rairayin taimama kuma ga shi ko'ina. Wanda ya iya Larabcin Shuwa zai yi hira da kowa daga Njamena har garin Fada da ke Ennedi.

Ta fuskar takarda ma ita ce mafi sauƙi a wajen gida. Kamaru da Chadi duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tun 2017 an ɗage biza tsakanin ƙasashen, kuɗin kuma sefa ɗaya ce, ba canji. Ka haye gadar Ngeli daga Kusuri ka shiga Njamena, ko ka bi ta Yagwa da Bongor in hanyar Mora da Waza ba ta kwanta maka ba. Shiga arewa dai sai da takardar izinin zirga-zirga, wadda kamfanin da zai kai ku ke nema a Njamena.

To ina aibinta? Nisa. Daga Njamena zuwa Fada ya haura kilomita 1,000, kuma mafi yawan ɓangaren arewa ba kwalta, kwana uku ne a mota zuwa, uku dawowa. Cikin hutun mako biyu kusan rabi a kujera zai ƙare. Kuɗin ma a nan yake tafiya: hayar kat-kat irin Land Cruiser da mai da direba, kuma masu hankali ba sa shiga hamada da mota ɗaya. Mutum ɗaya ko biyu ba za su iya ɗauka ba, amma in kun kai shida ko takwas kuka yi adashi, kason kowa zai sauko ƙasa da kuɗin zuwa Tanzaniya nesa ba kusa ba. Sai maganar da ba a wasa da ita. An gwabza yaƙin Chadi da Libiya a yankin nan, a Fada cikin Janairun 1987 da Wadi Dum cikin Maris, kuma an binne nakiyoyi da ba a gama tonewa ba. Ba a kauce wa sawun jagora, jagoran kuma ya zama ɗan ƙasa, Bagorane wanda ya san rijiya da mai rijiya. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 gabashin Chadi ya cika da 'yan gudun hijira, don haka a bincika halin hanyar Abeshe a makon tafiya, kada a dogara da labarin bara. Asibiti na da nisa ƙwarai, wayar salula ba ta kamawa in an bar gari, sai a tabbata ayarin na da wayar tauraron ɗan'adam. Ina roƙon duk wanda Allah ya kai shi, kada ya shafa zanen nan da hannu ko ya watsa masa ruwa don hoto ya fito, kada kuma ya ɗauki hoton matan makiyaya ba izini.

Wani zai ce ai Tibesti, duwatsun arewa maso yammacin Chadi, ta fi, ga Emi Kusi da ya haura mita 3,400, mafi tsayi a duk Sahara, ga katon ramin kanwa. Gaskiya ne. Amma tsakanin nakiyoyi da rikicin wuraren haƙar zinariya da iyakar Libiya, ba zan tura ɗan kowa can ba a yanzu.

Dutsen Kamaru wani abu ne daban. Bai da nisa, kwana biyu ko uku ne, sai dai yana gaya wa mutum gaskiyar jikinsa. Ana tasowa daga Buea, wajen mita 1,000, a kai ƙololuwar Fako da ta haura mita 4,000, wato hawan mita 3,000 a tsaye cikin ɗan lokaci. Da farko kurmi ne mai laima, sai ciyawa, sai baƙin tsakuwa mai cin takalmi, sai iska mai sanyi da ba abin da ke tare ta. Dutse ne mai aman wuta kuma da ransa: ya yi amai a 1999, narkakken dutsen ya gangaro har ya datse titin bakin teku kusa da Bakingili, ya sake yi a 2000. Tsohuwar hanyar da ake bi tana da bukkoki uku, yawanci a ta biyu ake kwana. Wanda ke da kwana uku ya sauko ta Maɓuɓɓugar Mann, ya ga ramukan aman 1999, ya ratsa dajin da giwaye ke zaune. Tun 2009 wurin gandun daji ne na ƙasa, da jagora ake shiga. Sama da kurmi ruwa na wuya, 'yan dako ne ke ɗauko shi, kada a yi musu ƙwauron tukwici. Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Maris ne, domin da damina gefen dutsen nan yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, a Debunsha yakan kai wajen milimita 10,000 a shekara.

Ga ɗan Kamaru babu biza, babu jirgin sama. Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, mota zuwa Duwala, daga nan Buea ba ta wuce kilomita 70 ba. Shi ne mafi araha a cikin huɗun. Tun 1973 ake tseren hawa da sauka a kansa, gwanaye na gamawa cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka, kuma Sarah Etonge ta ci na mata sau bakwai, abin da ya kamata 'yan'uwanmu mata masu sha'awar hawa su sani. Damuwarsa tsaro ne. Buea tana yankin Kudu maso Yamma, inda rikicin 'yan aware ya ɓarke tun 2017. Ranar Litinin gari kan mutu, kuma a tseren Fabrairun 2023 abubuwa sun fashe, mutane suka ji rauni. Ana hawa har yanzu, amma a tuntuɓi 'yan'uwa Hausawa mazauna can kafin a sayi tikiti, a kuma kauce wa isa ko fita ranar Litinin.

Ni ma'auni nake ce wa dutsen nan, domin da kuɗi kaɗan za ka san yadda kanka da ƙirjinka ke yi a mita 4,000. In ka sauko lafiya kana marmarin ƙari, ƙofar Tubkal da Kilimanjaro ta buɗe. In ciwon kai ya hana ka barci tun a bukka ta biyu, ka tsira da kuɗinka, ka nufi Ennedi da farin ciki.

Tubkal na Maroko, mita 4,167, shi ne mafi tsayi a Arewacin Afirka, kuma a cikin huɗun shi ya fi sauƙin shiri ga mutum ɗaya ko miji da mata. Daga Marakish zuwa ƙauyen Imlil tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka a mota. Imlil na kan mita 1,740, daga nan a hau ta wurin ziyara na Sidi Shamharush zuwa masaukin da ke wajen mita 3,200, a kwana, da asuba a kai sama. Masu gaggawa kwana biyu suke yi, amma wannan ɓarnar kuɗin jirgi ce. Daɗin duwatsun Atlas yana cikin zagayen kwana shida ko bakwai, daga kwari zuwa kwari, a bi ta tafkin Ifni, a ratsa ƙauyukan Barbar masu gidajen ƙasa da gonakin da aka yanka a jikin dutse, ga gyaɗar Turawa da tuffa, ga ruwa na gudu a magudanai. Alfadari ke ɗaukar kaya, ana kwana a ɗaki mai katifa a yawancin zango, abin da ke sa tafiya da iyali ta yi sauƙi. Hawan kuma na zuwa sannu a hankali, jiki na samun lokacin sabawa kafin ranar ƙololuwa.

Akwai wani abu a Atlas da Bature ba zai ji ba amma mu za mu ji. Mutanen nan Malikawa ne, karatunsu Warshu ne irin wanda aka rubuta mana a allo, kiran salla na tashi daga kowane ƙauye, abinci halal ne ba sai an tambaya ba. Wanda ya iya Faransanci ko Larabci ba zai ɓata ba. Ɗan Tijjaniyya kuma zai haɗa da ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, jirgin ƙasa na zuwa can daga Marakish. Sai dai akwai neman biza, akwai kuɗin jirgin Kasabulanka, wanda shi ne kaso mafi girma. Tun bayan kashe wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disambar 2018, ba a hawa sai da jagora mai lasisi, ana kuma duba fasfo a hanya. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta kashe mutum kusan 3,000, mafi yawa a ƙauyukan duwatsun nan, don haka kuɗin da ka ba mai alfadari ko mai masauki yana shiga gidan da ke bukata. A je tsakanin Mayu da Oktoba. Da hunturu dusar ƙanƙara ce ke rufe hanya, sai da ƙarafunan takalmi da sanin aiki da su, wannan ba namu ba ne a karon farko.

Yanzu Kilimanjaro. Mita 5,895, rufin Afirka, kuma ba na raina wanda ya ƙudura shi. Ba a bukatar igiya ko gwanintar hawa, tafiya ce kawai daga kurmi zuwa fili mai duwatsu zuwa ƙanƙara. Duk wahalarsa tsayi ne. A can sama iskar da ke shiga huhu a numfashi ɗaya kusan rabin ta bakin teku ce. Hanyar Marangu tana da ɗakunan kwana, ana yin ta kwana biyar ko shida, ita ce ta fi araha, kuma gajartar nan ce ke mayar da mutane da yawa gida ba su kai ba. Machame kwana shida ko bakwai ce a tanti, Lemosho bakwai ko takwas. Ga mutumin da ya taso daga kwarin Binuwai, kada ya karɓi ƙasa da kwana bakwai, kome daɗin farashin. Daren ƙarshe ana tashi daga zangon Barafu, sama da mita 4,600, wajen tsakar dare, a yi ta jan ƙafa cikin duhu da sanyin da ya yi ƙasa da sifiri sosai, a iso bakin ramin tsohon aman wuta da ke saman dutsen da ketowar alfijir. A nan sannu ba ta hana zuwa, gaggawa ce ke hanawa.

Kuɗinsa fa? Doka ta hana hawa ba jagora da kamfani mai rajista. Kuɗin gandun daji da na kafa tanti da dala ake lissafa su kowace rana, rangwamen da ake yi kuma na 'yan Gabashin Afirka ne, ɗan Kamaru da ɗan Chadi ba sa ciki. Kamfanin kirki na kwana bakwai ko takwas yakan kai dala 2,000 zuwa sama, wato ya haura sefa miliyan ɗaya, ban da jirgi ta Adis Ababa, ban da biza, ban da tukwicin 'yan dako da masu girki. Ga katin rigakafin shawara, ga kayan sanyi da ba a samun na ƙwarai a kasuwar Garwa: rigar iska, safar hannu mai kauri, bargon da ake shiga ciki a zuge. Ana ba da hayarsu a Moshi da Arusha. In ka ga farashi ya faɗi warwas, ka sani daga haƙƙin ɗan dako aka yanke, mutumin da ke ɗauke da tantinka a ka cikin wannan sanyi. Lokacinsa Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba.

Akwai magana ɗaya da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa ta shafe mu kai tsaye: sikila. Mai SS ko SC kada ya kusanci tsayin nan ko kaɗan. Mai AS, wanda yake lafiya lau a gida kuma sau da yawa bai ma san yana ɗauke da ita ba, a wuri mai tsayi jininsa na iya toshewa a saifa, musamman in ya haɗu da wahala da ƙarancin ruwa a jiki. Alamarta ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Don Allah, ɗan'uwa, kafin Dutsen Kamaru ko Tubkal ko Kilimanjaro ka je a gwada jininka, ka kai wa likita sakamakon ka gaya masa mita nawa za ka hau. Shi ne kuma zai ce ko ka sha Diamox, maganin ciwon tsauni, ko a'a. A kan dutse in ka ga abokin tafiya yana tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana tari da haki ko a zaune, magani ɗaya ne, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne.

Azumi ma a sa shi a lissafi. A 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, yana ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, nan gaba kaɗan zai shiga Janairu da Disamba, wato tsakiyar lokacin Ennedi da Dutsen Kamaru. Matafiyi na da rangwame, amma raƙumi da jagora da mai girki su ma mutane ne masu azumi a gidajensu, gara a sa tafiyar kafin wata ya kama ko bayan salla. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi, a zauna da malami a ji su tun a gida, domin alwala da ruwan ƙanƙara a mita 4,600 na iya cutar da yatsu.

In da za a ce in raba wa mutane, ga yadda zan yi. Abokai shida zuwa takwas masu mako biyu cur da son fili da tarihi, Ennedi. Mutum ɗaya, ko ango da amarya, ko wanda ke son haɗawa da ziyara, Atlas na kwana shida. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci mai hutun mako ɗaya, Dutsen Kamaru. Kilimanjaro sai wanda ya riga ya gwada mita 4,000, jininsa ya fito AA ko likita ya sa masa hannu, kuma kuɗin ba na jari ko na makarantar yara ba ne.

Kowanne ka zaɓa, a gida ake fara shi, kuma Allah bai hana mu duwatsu ba. Mutumin Garwa na da Tingelin a bayan gari, ya hau shi da jaka mai nauyi duk ƙarshen mako har wata uku. Na Marwa na da duwatsun da ke kewaye da garin da kuma gindin Haƙorin Mindif. Na Ngaundere ya fi kowa sa'a, yana zaune sama da mita 1,000, ga dutsen gari ga tafkin Tison ga hanyar magangarar ruwan Tello. Wanda ke son gwajin kwana uku ko huɗu da kwana a ƙauye ya nufi Poli da Wangai ya shiga duwatsun Alantika wajen ƙabilar Koma, da jagora ɗan yankin da sanin lamido. Kapsiki da Rumsiki su ne suka fi ko'ina kyau a arewa, kuma kafin sace wani iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013 baƙi ba sa yankewa a can. Hare-haren Boko Haram a Mayo-Tsanaga sun kashe wannan kasuwa, jagorori da masu masauki da yawa sun koma noma. Zuwanmu mu 'yan ƙasa zai taimake su, amma a tambayi mutanen Mokolo da jami'an tsaro wace hanya ce a buɗe, kada a matsa kusa da iyaka, kada kuma dare ya riski mutum a daji.

A waɗannan fitar ne za ka horar da takalmin da za ka tafi da shi, don sabon takalmi a rana ta biyu yake sa ƙafa ta ɗuri ruwa. A nan kuma za ka gane guzurin da cikinka ke karɓa a kan tafiya. Kilishi da dabino da dakuwa da ƙuli-ƙuli ba sa lalacewa, ba su da nauyi, sun kuma fi kayan leda masu tsada riƙe ciki. Na Ennedi da Dutsen Kamaru ka ɗauka daga gida. Na Maroko da Tanzaniya ka bar naman, kwastan na iya karɓewa a filin jirgi, ka sayi dabino da gyaɗa in ka sauka.